Filin Inna na Ƙauyen Alu

Zuwa ga mahaifiyata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa irin ta 'ya ga wadda ta haife ta, ina fatan wannan takarda za ta same ki cikin rahamar Ubangiji, makwancinki a yalwace, babu zafi, babu ƙunci. Ƙanena Nura yana gaishe ki. Takwararki Ummi ta gama sakandare bana, ƙannenta biyu kuma suna nan suna cinye mini shinkafa kamar an aiko su.

A daidai nan ake rubuta "mu ma muna nan lafiya". Ba zan rubuta ba, Inna, don ƙarya ce, kuma irinta da kika yi mana ta ishe mu. Ba ni da lafiya. Akwai ƙulli a nonona na hagu. Kin ji na faɗi sunan wurin, ban ce "ƙirji" ba, ban ce "jikina" ba, ki yi haƙuri da rashin kunyar. Likita ya gwada ya ce irin naki ne. Ya ce a yi aiki da wuri, a biyo da wasu allurai na wata da watanni, sannan ya faɗi kuɗin. Ba ni da su. Abban su Ummi ma ba shi da su, mu biyun malaman makaranta ne, kin san abin da ake ba mu. Abin da muke da shi guda ɗaya ne, filinki na Ƙauyen Alu. Dillali ya samo mai saye. Gobe idan an sauko daga Juma'a za su zo da takarda, saura in sa hannu ko in ƙi.

Shi ya sa na zauna in yi miki maganar da na kasa yi kina raye. Shekara tara ke nan ina haɗiye ta.

Na san ba ke kaɗai za ki ji ba. Zan ɗora takardar a shafina na sada zumunta, inda mata suke yawan roƙona in koya musu "tsarin Inna". Eh, kin yi suna ba ki sani ba. Abin ya zama yayi yanzu. Kowace waya aka buɗe sai a ga wata 'yar gayu ta sha kwalliya, ta harɗe a kan kujerar da ta fi albashina tsada, tana cewa mace ta tsara kasafin gidanta ta yi arziki, ta tsaya da ƙafarta. Nakan ce musu uwata ta riga su da shekara talatin, ita da ko sunanta ba ta iya rubutawa da boko ba. Na sha ba da labarinki a wurin walima da taron iyayen yara a nan Tarauni, mata suna jinjina kai, suna cewa Allah Ya ba su irin zuciyarki. Rabin labarin nake ba su. Yau za su ji sauran.

Kin tuna ɗakinmu na Gyaɗi-Gyaɗi, ciki da falo a gidan haya mai iyali takwas, famfo ɗaya, banɗaki biyu. Baba yana tuƙa motar ma'aikata, kullum da safe ya ajiye miki kuɗin cefane a kan rediyo ya fita.

Ina aji biyu a firamare albashinsa ya maƙale wata uku. Mai gidan hayar ya zo da hantsi, da kafinta a bayansa. Ko murya bai ɗaga ba. Kafinta ya kwance ƙyauren ɗakinmu, ya ɗora a ka, ya ratsa tsakar gida da shi, mata suna wanke-wanke kowacce ta sunkuyar da kai. Kika ciro atamfa daga akwati kika rataya a ƙofar. Mako biyu cur muka yi a bayan zanen nan, iska tana ɗaga shi, duk mai wucewa yana ganin gadonmu da tukwanenmu. Ban ga hawayenki ba. Ranar da aka mayar da ƙyauren kika shafa shi da tafin hannu, kika ce, ba da kowa kike ba, "Ba za a sake cire mini ƙofa ba."

Daga nan gwangwanaye suka shigo gidanmu. Na madarar gari ne, kina ajiye su a cikin kwalla a ƙarƙashin gado, kowanne da zaren da kika ɗaura masa a wuya tunda ba rubutu. Ja na haya, ko da albashi ya sake makara. Kore na makaranta. Baƙi na biki da suna, don kada a yi sha'ani a ce ba ki kai gudummawa ba. Shuɗi kuwa na fili ne, shi ba a buɗe shi, zuba masa kawai ake yi. Kafin ƙarar takalmin Baba ta ɓace a zaure kin jawo kwallar. Sai kowane gwangwani ya samu rabonsa daga kuɗin cefanen, abin da ya rage shi za mu ci.

Abin da ya ragen ma ba ya tsira. Duk awon da za ki yi, shinkafa ce ko gero ko wake, sai kin sa hannu kin ɗebi cikin tafi ɗaya kin mayar wani buhu na daban. Kikan ce, "Ciki bai san an rage tafi ɗaya ba." Cikina ya sani, Inna, baki ne kawai ba shi da shi. Naman miya kina yanka shi kamar za a raba wa unguwa. Guntayen sabulu ki matse su wuri guda su koma sabon sabulu mai kala uku. Rigar sallar da aka ɗinka mini ina aji uku, sai a aji shida ta zauna mini daidai, lokacin ta riga ta koɗe. Nura kuwa, tun ranar da ya sayi gurasa da canjin aike ya raba wa abokansa, kika ce hannunsa rariya ne, komai aka zuba masa sai ya zube. Har kika koma ga Allah ba ki canja masa wannan shaidar ba.

Zan faɗi gaskiya, don kada a ce fushi ya rufe mini ido. Tsarin ya yi aiki. Tafin hannun nan yakan tara kwano biyar ko shida a wata, ki sayar wa maƙwabta. Kuɗinsa ya zama tunkiya, tunkiya ta zama raguna biyu da aka sayar da layya, raguna suka zama firiza ta hannu. Kika shiga sayar da ƙanƙara da zoɓo, kika shiga adashi, kina zubi ba fashi. Ban taɓa ganin kin tsaya a ƙofar wani kina murza hannu ba. Da Baba ya rasu ina sakandare, danginsa suka zo daga ƙauye da shirin raba mu, wannan ya ɗauki Nura, waccan ta ɗauke ni. Kika bari suka gama tsara abinsu, kika ce kin gode, 'ya'yanki suna nan inda suke. Gwangwani mai koren zare shi ya kai ni har kwalejin horon malamai. Idan wannan shi ne tsayawa da ƙafa, wallahi kin tsaya, kin kuma tsayar da mu.

Amma akwai gwangwanin da babu a kwallar.

Maman Bitrus ce ta fara lura, maƙwabciyarmu 'yar Kudancin Kaduna, nas ɗin nan mai ɗakin da yake kallon namu. Ita kaɗai kike bari ta ga cikin kwallarki. Wata rana da la'asar ina tsintar shinkafa, ta ɗaga su ɗaya bayan ɗaya tana tambayar na mene ne wannan, kina faɗa mata. Da ta gama ta ce, "Maman Nura, to ina na asibiti?" Kika ja tsaki kika ce, "Ba a yi wa ciwo tanadi. Kiransa ne." Ni har dariya na yi, don na ɗauka kin gama da ita.

Maman Nura ake ce miki, ko da yake na girme shi da shekara huɗu. Ni ce ta fari, ba kya faɗin sunana, ba kya zama da ni a tabarma ɗaya, idan za ki aike ni sai ki ce "ke". Haka kika tarar ana yi, haka kika yi, kuma ban taɓa ɗaukarsa ƙiyayya ba. Har alfahari nake yi da shi, ina cewa uwata mai kunya ce ta gaske. Ban san za a zo ranar da wannan kunyar za ta tsaya a tsakaninmu, ni ba zan iya tambaya ba, ke ba za ki iya faɗa ba.

Na gani fa, Inna. Ba zan ɗora miki duka ba. Lokacin ina gidan mijina a Tarauni, kusan kullum sai na biyo idan an tashi daga makaranta. Na ga kin daina ɗaga hannun hagu, kina sauke tukunya da hannu ɗaya. Na ga kina zama da hijabi a cikin ɗaki da tsakar bazara, gumi yana bin wuyanki. Na ga turaren wuta ya yi yawa a ɗakin, ke da ba kya sayensa sai da salla. Sau ɗaya tak na daure na tambaye ki, kaina a ƙasa, ko jikin ne. Kika ce, "Lafiya lau." Kin san abin da na ji? Daɗi na ji. Na ji kin sauke mini nauyin sake tambaya. Na ɗauki jakata na tafi, har da sayen rake a hanya.

Mako biyu kika yi a kwance a ƙarshe. Kika ce zazzaɓi ne mai naci. Kika ƙi asibiti, kika ƙi in taimaka miki da wanka. Maman Bitrus kaɗai take shiga, ta turo ƙofa, ta fito idonta jawur ta ce mana da sauƙi.

A wurin wankan gawa na sani. Wata dattijuwar unguwa ce take yi, ni ina zuba mata ruwa. Ta sa hannu ƙarƙashin zanen da aka rufe ki da shi, sai ta tsaya. Tsummokaran da aka naɗe wurin da su sun manne da jiki, sai da muka jiƙa su kafin su fita. Abin da na gani ba zan rubuta shi ba, mutane suna karantawa. Tsohuwar ta ɗago ta dube ni ta ce, "Ashe ba ku sani ba?" Butar ta faɗi daga hannuna. Har yau idan na ji ƙarar buta a kan siminti sai ranar ta dawo mini.

Ranar sadakar uku Maman Bitrus ta ja ni ɗakinta. Babbar mace, sa'arki, ta durƙusa a gabana tana kuka, tana cewa in yafe mata, kin sa ta yi alkawari da sunan Allah. Ta ce shekara biyu kafin rasuwarki kika nuna mata, lokacin ƙullin bai fi gyaɗa ba. Ta ja ki asibiti da ƙafa, babban asibitin nan da ake hango katangarsa daga bakin layinmu, ko kuɗin mota ba a biya. Likita ya ce kun zo a kan lokaci, idan aka yi aiki akwai kyakkyawan zato. A watan ne kuma kwasar adashi ta faɗo kanki. A watan ne mai filin Ƙauyen Alu ya ce ko ki cika masa ragowar kuɗinsa, ko ya mayar miki da abin da kika bayar ya sayar wa wani. Kuɗin aikin da cikon filin kusan kai ɗaya suke. Ta ce a bakin ƙofar asibitin kika gyara hijabi kika ce mata, "Aiki zai jira, mai fili ba zai jira ba."

Da aka gama biyan fili, sai kika ce saura katanga, kada a ci miki iyaka. Da aka yi katanga, sai takardu. Da takardu suka fito kika koma asibitin, likita ya ce abin ya wuce inda wuƙa za ta kai. Kika dawo gida kika ci gaba da ɗaura zoɓo a leda.

Bayan arba'in muka buɗe kwallar ni da Nura. Ga ja, ga kore, ga baƙi, ga shuɗi an fara tara masa na bulo. A can ƙasa kuma muka tarar da wani da ba mu taɓa gani ba, mai farin zare. Kuɗin masu haƙa kabari ne a ciki, da na geron sadaka, an ƙirga an ɗaure da kyauro. A ƙarƙashinsa ga likkafani sabo a ninke, da 'yar kwalbar turare. Mu ba mu san da shi ba, har mun sayi wani an rufe ki da shi, kin ji asarar da da kina nan sai kin yi mana faɗa a kanta. To ashe ana tanadi, Inna. Ciwo ne ba a yi wa, don kada a kira shi. Mutuwa kuwa kin shirya mata komai har da turare. Na zauna a ƙasa da likkafanin a cinyata, ban yi kuka ba, haushi ne ya cika ni har wuya.

Masu ta'aziyya kuwa bakinsu ɗaya. "Ai ta yi ƙoƙari, ta bar muku abin kanku." "Mace guda, fili a cikin gari!" Ina amsawa da amin, ina ji kamar in tashi in kore su da muciya.

Kada ki ɗauka haushin ya hana ni bin sawunki. Na bi tsaf. Nawa gwangwanayen a littafi suke da asusun banki, amma su ne dai. Ina ɗibar tafin hannu a kowane awo, yarana suna yi mini tsiya kamar yadda muka yi miki a ɓoye. Na fara sayar da zannuwan gado a makaranta, yanzu ina da ɗan shago. Ni da Nura mun jibge bulo a filinki, muna cewa baɗi za a sa harsashi, shi ɓangare ɗaya, ni ɓangare ɗaya. Kayan abinci suka yi ta tashi, siminti ya yi ta gudu muna binsa, baɗin ta ƙi zuwa. Duk da haka ban ci bashin kowa ba, kuma ina taƙama da hakan.

Wata huɗu da suka wuce na ji ƙullin ina wanka. Ni da na zuba ruwa a wankanki, ni da na ga abin da na gani, kin san abin da na fara yi da na fito? Littafin lissafi na ɗauko. Na ce bari a biya kuɗin jarrabawar Ummi tukuna. Da aka biya, na ce bari in cika wa mai bulo. Da na cika, sai ga haya ta matso. Ban gaya wa Abban su Ummi ba, na ce kada in tayar masa da hankali. Ban ma san lokacin da na fara zama da hijabi a cikin gida ba.

Ummi ce ta tare ni a kicin wata Asabar. Ta tsaya a bakin ƙofa tana wasa da gefen ɗankwalinta, kanta a ƙasa, ta ce ko jikin ne. Na buɗe baki, sai muryarki ta fito. Wallahi muryarki ce, har da yadda kike jan ƙarshen maganar. Na ga kafaɗun yarinyar sun sauka, ta saki numfashi, ta juya za ta tafi da sauƙin zuciya. Na san wannan sauƙin. Na san inda yake kai mutum, na san shekara nawa ake yi ana biyansa. Na ce ta dawo. Na rufe ƙofar kicin, na kama hannunta na ɗora a wurin. Ita ma ta fari ce, ga shi sunanki gare ta, kunya biyu ke nan, duk na tattake su a tsaye a gaban risho. Ta yi kuka, na yi. Kafin magariba ubanta ya ji, kafin isha'i Nura ya ji.

Abban su Ummi bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi da na fi jin daɗi. Ya sayar da babur ɗinsa, yanzu a adaidaita sahu yake zuwa makaranta. Kuɗin babur ɗin a gwaje-gwaje kawai suka ƙare.

Nura ne ya kawo maganar fili. Har yanzu sana'arsa jan adaidaita ce, har yanzu hannun nasa rariya ne, idan ya samu da safe kafin yamma ya ci da mutum biyar. Ya faka a ƙofar gida da rana tsaka, lokacin da ya fi samun fasinja, ya shigo ko zama bai yi ba. Na fara jero masa dalilai. Na ce gumin Inna ne. Na ce kaso biyu nasa ne a gado, nawa ɗaya, shi ma yana da iyali a gidan haya. Na ce a bari a ga abin da shago zai kawo nan da salla. Ya bar ni na gama, kamar yadda kike barin mutane su gama, sannan ya ce, "Yaya, na binne mutum ɗaya saboda filin nan. Ba zan binne biyu ba. Nawa kason na bar miki, ki kira shaidu."

Wannan shi ne ɗan da kika ce ba zai taɓa riƙe komai ba. Ni kuma da kike nunawa a matsayin mai hankali, ni ce na tsaya ina yi masa gardama a kan raina.

Jiya na je filin ni kaɗai. Unguwar ta cika, gidaje sun kewaye shi ta ko'ina, har da mai bene. Katangarki tana nan, ta tsage ta gefen gabas. Maƙwabta sun mayar da wurin juji, ana wurgo leda da ɓawon lemo ta sama. Ciyawa ta rufe rabin bulon da muka jibge, wata akuya ta shigo ta inda ƙofar langa-langa ta ɓalle tana kiwo. Na auna shi da ƙafa, daga wannan bango zuwa wancan, ban yi taku talatin ba. Na tsaya a tsakiya ina nemanki, ko zan ji wani abu naki a wurin. Ban ji komai ba sai warin kwata. Ko kwana ɗaya ba ki yi a cikinsa ba, Inna. A ɗakin hayar dai kika cika, a bayan ƙyauren mai gida.

Na fahimci ranar kafinta, kada ki ce ban fahimta ba. Ina nan a wurin, na ga zanen yana tashi. Na san ba son kuɗi ne ya sa ki ba, ke da ba ki taɓa saya wa kanki ko tsire ba. So kike mu samu inda ba mai korarmu. Amma ba ki tambaye mu ba. Da kin tara mu kin ce ga fili ga ni, ku zaɓa, kina ganin me za mu ce? Kin yanke mana hukunci ke kaɗai, kin saya mana abin da ba mu aike ki ba, da kuɗin da ba mu yarda a biya ba. Ba ki ga auren Nura ba. Matarsa ba ta san ɗanɗanon miyar kukarki ba. Ranar da na haifi autana aka ce sai an yi mini aiki, ina kan gadon ana tura ni, ke nake kira, wata nas tana tambaya ko a shigo da ke daga waje.

Idan matan nan suka sake cewa in koya musu tsarinki, zan koya musu. Abu ne mai kyau, ya rufa mana asiri, ba zan fasa faɗa ba. Amma zan faɗa musu har da maganar ƙofar asibiti, in ce su duba kwallarsu da kyau, ko sun sa kowa a ciki sun manta da mai kwallar.

Na san abin da za ki ce da kina nan. Za ki ce idan aka sayar, aka yi aikin, ba a dace ba fa? Ga babu ni, ga babu fili, yara a gidan haya. Gaskiya ne, zai iya faruwa. Likitan ma bai yi mini alkawari ba, ya ce da na zo tun watan da na ji ƙullin da ya fi sakin baki. Na juya lissafin ta kowace fuska, da biro da takarda, yadda kika koya mini, kuma a lissafinki ƙin sayarwa ne daidai. Sai dai ni ce wadda aka bar wa fili, na san yadda abin yake. Shekara tara ina da shi, ban taɓa shiga damuwa na je Ƙauyen Alu na dawo da sauƙi ba. Ba na so Ummi ta gaji wannan.

Zan sa hannu, Inna.

Dillali ya ce mai sayen shaguna zai gina, ke nan zai rushe katangarki. Kuɗin ta waya za su shigo, ko taɓa su ba zan yi ba, za su wuce asibitin da kika juya wa baya. Abin da kika tara da tafin hannu a shekara ashirin da ɗoriya zai ƙare a 'yan watanni. Ban ce ba ya yi mini ciwo ba, tun jiya ban iya cin abinci ba. Amma da na zauna na duba, ban ga na ci amanarki ba. Dama kuɗin maganinki ne. Sun makara da shekara goma sha ɗaya, sun tarar ba kya nan, sun sami 'yarki.

Ki yafe mini, Innata. Ki yafe mini raken da na saya a hanya ranar da ya kamata in zauna in sake tambaya. Ni ma ina ƙoƙarin yafe miki. Wasu ranakun ina iyawa, wasu ranakun sai in tuna hannunki ɗaya a kan tukunya, abin ya dawo sabo. Ina kewarki fiye da yadda nake jin haushinki, kuma kin ga yawan haushin.

Allah Ya gafarta miki abin da kika yi wa kanki saboda mu. Ya sa ciwon da kika ɓoye ya zama kaffara, Ya saka miki da gidan da ba a biyan haya, ke da Baba. Allah Ya yi wa Nura albarka, Ya buɗa masa ta inda bai zata ba. Ya saka wa Maman Bitrus da alheri, ita ma ta ɗauki abin da ya fi ƙarfinta. Ni kuma Allah Ya sa a shiga a sa'a, a fito a sa'a, Ya ba ni aron kwanakin da zan ga yaran nan sun zama mutane. Allah Ya haɗa fuskokinmu a Aljanna. Amma ba yanzu ba, Inna. Ki ƙara haƙuri ki jira ni, kin fi kowa iya jira.

Wassalam.

'Yarki ta fari,
Hadiza
Tarauni, ranar Alhamis